Wa Ya Haɗa Hankaka da Baiwar Allah Dangi?

A cikin tsuntsayen da mutumin Maraɗi ke gani kullum, da wuya a sami biyu da suka sha bamban kamar hankaka da baiwar Allah. Hankaka yana kan juji ko bakin mahauta, baƙi wuluk da farin ƙirji, nauyinsa kusan rabin kilo, kukansa ba daɗin ji. Baiwar Allah kuwa ƴar jar tsuntsuwar nan ce da ke tsalle-tsalle a tsakar gida tana tsintar tsaki kusa da turmi, nauyinta bai wuce giram 10 ba. Duk da haka masana tsuntsaye sun sa su zuri'a ɗaya. Kurciya, wadda ke tsintar hatsi tare da baiwar Allah a gindin turmi guda, sun bar ta waje.

Sunan wannan zuri'a a littattafan kimiyya Passeriformes, wato tsuntsaye masu kama reshe. Ita ce mafi girma a cikin tsuntsayen da ke raye: daga cikin jinsuna kusan 11,000 da aka sani a duniya, wajen 6,500 nata ne, sun rabu gida-gida har kusan 140. Wanda ya bi gulbi daga Tibiri zuwa Jiratawa da ido buɗe zai gamu da su birjik: gwara, jan-baki mai cin gero, masu saƙa sheƙa suna rataye ta a reshen ƙaya, carki a bayan sa, suda mai labari a cikin sabara. Zabo, hazbiya, shamuwa, balbela, shirwa da alhudahuda ba sa ciki.

Me ya haɗa su? Da farko ƙafa. Yatsu uku gaba, ɗaya baya, na bayan dogo ne mai ƙarfi, kuma a mafi yawansu jijiyarsa daban take da ta na gaba, shi ya sa tsuntsun ke damƙe siririn reshe ya zauna daram ko ana iska. Sai maƙogwaro. Muryar tsuntsu tana fitowa ne daga can ƙasa, inda bututun numfashi ya rabu biyu zuwa huhu. A shekarar 1847 wani masanin Jamus, Johannes Müller, ya feɗe wannan wuri a tsuntsaye masu yawa, ya tarar wasu na da tsokoki da dama masu sarrafa murya, wasu kaɗan. Masu tsokoki da yawa su ne ake kira mawaƙa, jinsi wajen 5,000, kuma yawancinsu koyon kukansu suke yi daga manya. Hankaka, da wannan muryar tasa, yana cikin mawaƙa.

Tambayar da ke tasowa daga nan ta wuce ilimin tsuntsaye. Idan masani ya ce hankaka da baiwar Allah dangi ne, ba kama kawai yake nufi ba. Yana nufin kakansu ɗaya, cewa shekaru miliyoyi da suka wuce akwai wani tsuntsu da dukansu suka fito daga tsatsonsa. Ɗalibin da ya ci karo da wannan magana a littafin lakwal, ko a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, da yamma kuma ya zauna gaban malaminsa na zaure, yakan rasa inda zai ajiye ta. Da yawa sukan raba kansu biyu: wannan na jarrabawa ne, wancan na imani. Musulmi bai kamata ya zauna da zuciya biyu a kan halittar Ubangijinsa ba, kuma kayan warware wannan ƙulli suna nan cikin karatun da aka daɗe ana yi a ƙasar Hausa.

Kowa yana kasa tsuntsaye, amma kowa da tambayar da yake amsawa. Manomi a Jiratawa yana da kashi biyu, masu ɓarna da marasa ɓarna, kuma rabonsa daidai ne, tunda zangarniya yake tsaro. Malamin fiƙihu yana tambayar hukunci. Hadisi ya ambaci halittu biyar masu cutarwa da aka yarda a kashe ko mutum yana cikin harami, hankaka da shirwa na cikinsu, ga su a layi ɗaya alhali a wurin masu kimiyya nesa suke da juna. A mazhabar Malikiyya, wadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta yaɗa a wannan yanki, cin tsuntsaye ya halatta har masu farauta da farce, Shafi'iyya da Hanafiyya kuwa sun hana masu farcen. Jahiz na Basra, a ƙarni na 9, ya kasa dabbobi ta yadda suke motsi, masu tafiya, masu tashi, masu iyo, masu jan ciki, ya kuma lura cewa ba duk mai tashi ba ne tsuntsu. Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, ya jera su bisa haruffa, kowace dabba da hukuncin cinta.

Shi kansa Carl Linnaeus na Suwidin, wanda tsarinsa na sunaye biyu-biyu ake bi har yau, ɗan limamin coci ne, kuma ya ɗauki aikinsa a matsayin bin diddigin tsarin Mahalicci. A bugun littafinsa na 1758 ya sa kurciya da tattabara cikin rukunin gwara, ya fitar da hankaka ya kai shi wurin aku. Ya haɗa tsattsewa iri biyu a gida ɗaya, kamar yadda Bahaushe ke haɗa su, sai daga baya aka gano cewa mai gina sheƙa da laka tana cikin masu kama reshe, ɗayar kuwa, mai yini a sama ba ta sauka reshe, daga wata zuri'a take. Jan-baki ma Linnaeus ya ba shi suna a wannan shekarar yana zaton daga Indiya yake, sai a 1766 ya gyara ya ce Afirka.

Abin da ya canja bayan littafin Charles Darwin na 1859 shi ne tambayar kanta. An bar tambayar wa ya yi kama da wa, aka koma wa ya haifi wa. Tun daga lokacin, kasa tsuntsaye ya zama aikin fitar da salsala, kuma shaidun da ake kira su ne ƙashi, tsoka, burbushin da ya daskare cikin dutse, da kuma, tun daga aikin Charles Sibley da Jon Ahlquist da aka buga a 1990, ƙwayoyin gado da ake kira DNA.

Salsalar da ta fito tana da ban mamaki. Zuri'ar ta rabu uku. Reshe mafi tsufa ƴan tsuntsaye ne jinsi biyu kacal da suka rage a tsibiran Niyu Zilan. Na biyu, jinsi sama da 1,000, yawancinsu a Kudancin Amurka suke. Na uku su ne mawaƙa, kuma mafi tsufan gidajensu duk a Ostareliya da kewayenta suke, abin da ya sa masana suka tsaya a kan cewa daga can suka bazu. Kenan kakannin hankakan da ke kan jujin Maraɗi, da na suda, daga can ƙarshen duniya suka taso, suka bi tsibirai zuwa Asiya, sannan Afirka. Wani babban bincike na 2008 kuma ya nuna cewa mafi kusancin dangi ga zuri'ar baki ɗaya shi ne aku, wanda shi ma koyon murya yake yi.

Nan ne mai imani yakan ja burki, kuma ba don rashin hankali ba. Yana jin ana ba da labarin halitta ba a ambaci Mahalicci ba, yana jin kalmar katsam, yana kuma hango inda maganar ta dosa, wato Annabi Adamu.

Sheikh Muhammad Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, littattafansa na tauhidi sun yi ƙarnuka ana karanta su a zaurukan Katsina, Gobir da Kano. Ya koyar da cewa hukunci iri uku ne: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne wanda ake samu ta hanyar gani da maimaituwa, kamar wuta da ƙuna ko abinci da ƙoshi. Alaƙar gaskiya ce, ana dogara da ita a rayuwa, amma wutar ba ita ke halittar ƙunar ba, Allah ne ke gudanar da abu a kan sababinsa. Duk abin da masanin tsuntsaye ke faɗi a wannan aji yake. Ko hankaka ya fi kusa da suda ko da carki, ko mawaƙa daga Ostareliya suka fito, ana warware su ne da dubawa da aunawa. Ko akwai wanda ya nufi samuwarsu kuwa, wannan tambaya ce da ƙashi da DNA ba su da bakin amsa ta, ko da e ko da a'a. Masanin da ya ce bincikensa ya kore Mahalicci ya ɗora wa ma'auninsa abin da ba ya aunawa. Mai wa'azin da ya ƙaryata zumuncin tsuntsaye ba tare da ya duba shaidar ba, shi ma ya yanke hukuncin al'ada ba da kayan aikinsa ba.

Kalmar katsam ma haka take. Idan masana suka ce canjin da ke faruwa a ƙwayoyin gado ba shi da alkibla, abin da suke nufi shi ne ba ya zuwa bisa bukatar tsuntsun, kuma ba sa iya faɗin wanne zai zo sai dai su ƙiyasta. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana ba da hasashen damina da kashi kaza cikin ɗari, ruwa kuma yakan sauka a gonar wani ya tsallake ta maƙwabcinsa, amma ba manomin da ya taɓa cewa ruwan ya fita daga ƙaddara don masu hasashe sun kasa tantance shi.

Karanta dangantaka a jikin halitta kuwa ba baƙon abu ba ne ga shari'a. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha labarin Mujazziz al-Mudliji, gwanin ƙiyafa, wanda ya ga ƙafafun Zaidu ɗan Harisa da ɗansa Usama, Allah ya yarda da su, suna kwance sun rufe kawunansu. Launin fatarsu ya bambanta ƙwarai, amma ya shaida cewa ƙafafun nan daga juna suke, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi farin ciki da hakan. Malamai sun yi saɓani a kan iyakar aiki da ƙiyafa, Hanafiyya ba su karɓe ta ba, amma ƙa'idar ta tabbata a wurin mafi yawa: jiki yana ɗauke da alamun asali, kuma wanda ya ƙware yana iya karanta su ko da zahiri ya nuna akasin haka.

Manomin Maraɗi ma ya san halitta na sauyawa, ko da bai kira abin da sunan littafi ba. Gero da ciyawar daji ya fara, mutanen Sahel suka yi ta zaɓen iri, kuma mafi tsufan shaidarsa da aka tono a kwarin Tilemsi na Mali ta kai shekara 4,500. Har gobe shibra tana fitowa a gona, tsakanin geron gida da na daji, tana zubar da ƙwayarta kafin girbi. Masu binciken INRAN a Tarna aikinsu kenan, zaɓen iri da haɗa iri. Abin da Darwin ya ƙara shi ne cewa fari da yunwa ma suna zaɓe. Peter da Rosemary Grant sun fara auna bakin wasu ƙananan tsuntsaye a wani tsibirin Galapagos a 1973. Da aka yi fari a 1977, ƙananan ƙwayoyi suka ƙare, sama da kashi 80 cikin 100 na jinsin da suke bi suka mutu, waɗanda suka rayu masu kaurin baki ne da ke iya fasa ƙwaya mai tauri, ƴaƴansu kuma suka gaji kaurin.

Sai a ce, to, wannan canji ne cikin jinsi ɗaya, ina aka taɓa ganin jinsi ya rabu biyu? Amsar tana kusa, a gidan baiwar Allah. Akwai wani ɗan tsuntsu da namijinsa ke yin baƙi mai sheƙi da damina, wanda ba ya gina sheƙa. Macen takan saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah. Ɗan tsakon idan ya buɗe baki, ɗigo-ɗigon cikin bakinsa iri ɗaya ne da na ƴaƴan masu gida, sai a ciyar da shi tare da su. Idan ya girma, namijin yana rera kukan baiwar Allah, macen kuma tana neman namiji mai wannan kukan, tana neman irin sheƙar da ta tashi a ciki. Robert Payne na Jami'ar Mishigan ya sa wani tsuntsu daban ya reni waɗannan ƴan tsaki, sai mazan suka tashi da kukan sabon mariƙin, matan suka zaɓi masu wannan kukan, suka kuma saka ƙwai a sheƙarsa. Ta haka, cikin tsara ɗaya ana iya samun reshe da zai daina aure da danginsa. A Afirka akwai jinsi wajen 10 na waɗannan baƙaƙen tsuntsaye, kowanne da mariƙinsa, kuma binciken DNA da Payne da abokan aikinsa suka buga a 2003 ya nuna rabuwarsu ba ta daɗe ba.

Hankaka ma abin yana faruwa da shi. Kirarinsa, mai da ɗan wani naka, ya taso ne daga abin da ido ya gani, domin akwai wani tsuntsu mai dogon wutsiya da ke saka masa ƙwai ya bar shi da reno. Magabata sun ga baƙo a sheƙa, sai dai sun ɗora wa hankaka laifin sata alhali shi aka cuta.

Tsakanin wannan ɗan mataki da nisan da ke tsakanin hankaka da baiwar Allah akwai rata babba, kuma ba wanda ya ga an ƙetare ta da idonsa. Hujja ce aka tara, ƙashi ya yi daidai da tsoka, tsoka ta yi daidai da DNA, wurin zama ya yi daidai da tarihin ƙasa. Tana da ƙarfi, amma tana karɓar gyara. An taɓa ƙiyasta shekarun zuri'ar masu kama reshe sama da miliyan 80, sai wani bincike na 2019 da ya tattara dukan gidajenta ya sauko da su zuwa wajen miliyan 47. Saboda haka bai dace a ɗaure aya da irin wannan lissafi ba, kamar yadda wasu masu kishin addini ke yi idan suna neman kimiyyar zamani cikin kowace sura, ko suna cewa Jahiz da Ibn Khaldun sun riga Darwin. Ibn Khaldun ya yi maganar matakan halitta daga ma'adinai zuwa tsiro zuwa dabba, amma jerin daraja yake bayani, ba haihuwa da zaɓen yanayi ba.

Batun Annabi Adamu daban yake, domin nassi ya yi magana a kansa filla-filla, kuma ba a shigar da shi ta ƙofar tsuntsaye. Game da dabbobi kuwa, Suratun Nur ta faɗi cewa daga ruwa aka halicce su, ta ambaci masu jan ciki da masu ƙafa biyu da masu huɗu, ba ta faɗi hanya ko tsawon lokaci ba, Suratul Ankabut kuma ta yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta. Tun a 1888 Sheikh Husain al-Jisr na Tarabulus ta Lubnan ya rubuta cewa idan hujja ta tabbatar da sauyawar halittu, ba ta rusa imani ba matuƙar an riƙe cewa Allah ne mai yi. Masu bincike na wannan zamani kamar Shoaib Ahmed Malik, a littafinsa na 2021, sun bi wannan layi ta hanyar tauhidin Imam Gazali. Akwai malamai da yawa da ba su yarda da ra'ayin ba ko a kan dabbobi, kuma saɓani ne da ya kamata a yi shi da hujja, ba da kafirta juna ba.

Suratul An'am ta kira tsuntsaye al'ummu irin namu. Al'umma tana da asali, da hijira, da hanyar neman abinci, kuma wanda ya ɗauki ayar da gaske zai so ya san waɗannan. Jan-baki ne wurin da wannan sani ke da tsada. An ƙiyasta yawansa ya kai biliyan 1.5 bayan lokacin ƙyanƙyasa, ba tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya, kuma idan garkensa ya sauka a gona, shi da gwara ruwan ɗorawa da ke addabar gero a Nijar, wahalar damina guda na iya tafiya cikin ƴan kwanaki. Shekara da shekaru ana fesa musu guba da jirgin sama a wurin kwanansu, gubar tana kashe wasu tsuntsayen da ba su ci ba su sha ba, yawansu kuma bai ragu ba. Peter Ward, wanda ya bi su a yankin Tafkin Cadi a shekarun 1960, ya nuna cewa ainihin abincinsu ƙwayar ciyawar daji ce, suna bin ruwan sama ne suna ƙaura, kuma yunwar farkon damina, lokacin da ƙwayar ta tsiro ta ƙare, ita ke rage su fiye da kowace guba. Daga wannan fahimta aka koma ba da shawarar daidaita lokacin shuka da girbi, da tsaron gonar da ke cikin haɗari maimakon yaƙi da jinsin gaba ɗaya. A Cadi kuma masu tarko suna kama miliyoyinsu da raga suna kaiwa kasuwar Njamena, nama ne halal.

Tsoron tsuntsu yana cikin dalilan da suka sa manoma a da ke share gona tas ba sa barin itace. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo da manoman yankin Maraɗi suka fara renon kututturen da ke tohowa a gona, itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Reshe ya dawo, masu kama reshe sun sami wurin sauka, kuma da yawansu, kamar suda da tsattsewa, ƙwari suke ci ba hatsi ba. Waɗanne ne suka ƙaru, waɗanne ke cin tsutsar zangarniya, waɗanne ke cin geron kansa, tambayoyi ne da ɗalibin aikin gona zai iya amsawa da littafin rubutu da madubin hangen nesa a gonakin Tibiri da Jiratawa, tare da tsofaffin da har yanzu ke bambance tsuntsu da kukansa tun kafin su gan shi.